Cikina ya zauna a wajen mahaifa: yadda aka gano shi da yadda aka yi min magani

Kwana 18 ne tsakanin safiyar da na ga layi biyu a jikin tsinken gwajin ciki da daren da aka tura ni ɗakin tiyata a kan gado mai taya. Biyar daga cikin kwanakin nan a gida na yi su, ina jimamin ɓarin da ban yi ba. Su ne suka sa nake wannan rubutu, domin da na san tambayar da ta kamata in yi a lokacin, da ban koma gida haka nan ba. Ina da ɗa ɗaya, na yi awo tun daga farkon cikinsa har haihuwa, amma ban taɓa jin cewa ciki yana iya zama a wani wuri da ba mahaifa ba sai da abin ya zo kaina.

Al'adata ta wuce da kwana 9 lokacin da na yi gwajin. A lissafin asibiti, wanda ake farawa daga ranar farko ta al'adar ƙarshe, cikin ya ɗan haura sati 5. Maigidana kaɗai na gaya wa. Bayan kwana 4 sai na fara ganin jini, ba irin na al'ada ba, ɗan kaɗan ne, baƙi-baƙi mai ruwa-ruwa, ya zo ya ɗauke. Tare da shi akwai wani ciwo a marata ta hagu, kamar ana danna min yatsa a wuri guda. Washegari muka je wani ƙaramin asibiti. Aka buɗe min kati, na biya kuɗin hoto, aka ce in sha ruwa da yawa in riƙe fitsari. Kusan awa biyu na yi a kan benci kafin layi ya zo kaina. Mai hoton ya shafa min man nan mai sanyi a ciki, ya zagaya da na'urar, ya ce, "Hajiya, babu komai a mahaifar nan, tas take." Likitan da na kai wa takardar ya duba, ya tambaye ni ko na ga jini, na ce e. Ya ce ɓari ne, kuma ya fita gaba ɗaya, ba sai an yi wankin ciki ba. Ya rubuta min maganin ciwo, ya yi min jaje. Ba a ɗebi jinina ba, ba a ce in dawo ba, ni ma ban tambaya ba. Ba na ɗaukar abin a matsayin mugunta, don da yawa daga cikin matan da ke zuwa da jini a farkon ciki ɓarin ne kuwa. Sai dai an yanke hukunci kafin a tabbatar.

A gida na yi kukana, na haƙura. Amma jikina bai nuna cikin ya tafi ba. Tashin zuciyar safe yana nan, ƙirjina yana nan da nauyinsa, ciwon gefen nan kuma ya ƙi tafiya, har ya zama idan na shiga bayan gida sai na ji kamar wani abu yana danno ni ta ƙasa. A rana ta biyar yayata ta zo duba ni, ta ga yadda nake dafe gefen hagu in zan tashi. Ta ce, "Ke, wannan ciwon na gefe ɗaya bai kwanta min ba. Ɗauko mayafinki mu je babban asibiti." Na so in yi mata gardama, don ina ganin an riga an gaya min abin da ya faru. Ba ta saurare ni ba.

A babban asibitin sai da muka fara daga tushe: sabon fayil, wurin biyan kuɗi, rasit, sannan awon hawan jini da bugun zuciya, sannan layin sashen mata. Mun isa da safe, ban ga likita ba sai bayan azahar. Mace ce, ba ta da yawan magana. Ta tambayi ranar al'adata ta ƙarshe, launin jinin, inda ciwon yake, ko na taɓa yin tiyata a ciki, ko na taɓa ciwon sanyi mai tsanani, ko ina da robar tsarin iyali a mahaifa. Sai ta karɓi takardar hoton farko ta karanta, ta ɗago ta yi min tambayar da har yau ba ta bar kunnena ba: "Kafin jinin ya zo, an taɓa ganin cikin nan a cikin mahaifa a hoto?" Na ce a'a, wannan ne hoton farko. Ta ce, "To, idan ba a taɓa ganinsa a ciki ba, ba za mu ce ya fita ba. Mahaifa babu komai tana iya nufin ɓari, tana iya nufin cikin bai kai a gan shi ba, tana kuma iya nufin yana wani wuri daban." Ta ce gwajin fitsari ba zai raba mana gardama ba, domin ko bayan ɓari na gaske yakan ci gaba da nuna ciki na wasu makonni. Abin da ake buƙata shi ne gwajin jini na sinadarin da ciki ke fitarwa, wanda ake kira hCG, saboda shi lamba yake bayarwa, kuma ana iya bin lambar a ga ko hawa take yi ko sauka.

Ranar aka ɗebi jinin, aka kuma yi min wani hoton, wannan karon ta gaba. Na tsorata da jin haka, shi ya sa zan faɗi yadda yake. Akan ce ki fara yin fitsari, ba riƙewa ba. Na'urar siririya ce, ana sa mata roba sabuwa da mai, ana rufe ki da zane, kuma kina da damar neman mace ta yi miki ko a ce wata ma'aikaciya ta tsaya tare da ke. Akwai ɗan takura amma ba zafi sosai, kuma ba ya cutar da ciki. A farkon makonni shi ne yake ganin abin da hoton saman ciki ba ya iya gani. Nawa dai mahaifar babu komai, kuma ba su ga abin da za su tabbatar a gefe ba. Aka rubuta a fayil cewa ciki ne da ba a san mazauninsa ba tukuna. Lambar jinin ta fito 1,850. Likitar ta ce in dawo bayan awa 48 cif a sake ɗiba, kuma a ɗakin gwajin da aka yi na farko, don kada bambancin na'ura ya rikita lissafi. Kafin mu fita ta lissafa mana ni da yayata alamomin da idan na ga ɗaya kada in jira wayewar gari: ciwon ciki mai tsanani, jiri ko suma, ciwo a saman kafaɗa, ko jini mai yawa. Na kafaɗar ya ba ni mamaki, amma ban tambayi dalili ba. Da ma na tambaya.

Bayan kwana biyu lambar ta koma 2,100. A nan ta zaunar da mu ni da maigidana ta yi bayani. Ta ce a ciki mai lafiya da ke cikin mahaifa, lambar takan ƙaru da wajen kashi biyu cikin uku ko ma ta ninka a awa 48. Idan ɓari ne, takan faɗi da rabi ko fiye. Tawa ba ta yi ko ɗaya ba, ta ɗan taɓa hawa ne kawai. Ƙari a kan haka, idan lamba ta haura 1,500 yawanci ana sa ran ganin jakar cikin a mahaifa da hoton gaba, ni kuwa ba a gani ba. Wani babban likita ya sake yin hoton da kansa, ya daɗe a ɓangaren hagu, yana dannawa ina cije leɓe. Daga baya ya juyo da allon ya nuna mana wani ɗan dunƙule kusa da ma'ajiyar ƙwai, ya auna shi, milimita 24. Ya ce ciki ne a wajen mahaifa, wanda su suke kira ektofik.

A bayan fayil ɗina likitar ta zana mana mahaifa da bututu biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, kowanne tsawonsa wajen santimita 10. Ta ce a cikin bututun ne ƙwan mace ke haɗuwa da maniyyi, sannan wasu ƙananan gashi da ke bangon bututun su yi ta tura shi a hankali na 'yan kwanaki har ya faɗa mahaifa. Idan tafiyar ta tsaya a hanya, sai ya manne a nan ya fara girma. Mahaifa an halicce ta tana buɗewa, bututu kuwa ba ya iyawa, sai ya tsage, jini ya riƙa zuba a cikin ciki inda ido ba ya gani. Ta ce a cikin kowane ciki 100, ɗaya ko biyu haka suke zama, kuma fiye da 9 cikin 10 na irinsu a bututu ne. Abubuwan da ke ƙara haɗarin sun haɗa da ciwon sanyin da ya taɓa bututu, tiyata a bututu, shan taba, haura shekara 35, dashen ƙwai, samun ciki alhali akwai roba a mahaifa, da kuma taɓa yin irinsa a baya. Ni ba ni da ko ɗaya, kuma ta ce kusan rabin matan da abin ke samu haka suke. Maigidana ya yi shiru, can ya ce, "Likita, ba yadda za a yi a ɗauke shi a mayar da shi mahaifar?" Ta ce babu, ba a iya wannan a ko'ina a duniya. Cikin ba zai rayu ba, abin da ya rage shi ne kada ya tafi da ni. Ta kalle ni ta ce ba aikin da na yi ba ne, ba abin da na ɗaga ba ne, ba kuma abin da na sha ba ne. Sai a lokacin na gane ashe tun da aka fara maganar nake neman laifina.

Hanya uku ta shimfiɗa mana. Ta farko a zuba ido ana bin lambar jini, amma wannan na wadda lambarta ƙarama ce kuma tana sauka da kanta. Ta biyu allurar metotireksat, wadda ke tsayar da girman ƙwayoyin cikin har jiki ya shanye shi. Ta uku tiyata. Ta ce tunda ciwona bai tsananta ba, babu alamar fashewa, dunƙulen bai kai milimita 35 ba, babu bugun zuciya a cikinsa, kuma lambata tana ƙasa da 5,000, ina da zaɓi tsakanin allurar da tiyata. Ta kuma faɗa min ƙarara cewa allurar tana yi wa mafi yawan waɗanda suka cika sharuɗɗan nan aiki, amma ba kowa ba, kuma har lambar ta sauka gaba ɗaya bututun yana iya fashewa. Na zaɓi allurar don ina son a bar min bututuna. Aka sake ɗibar jini don duba hanta da ƙoda da yawan jini da rukunin jini. Aka tambaye ni ko ina shayarwa, domin ba a yi wa mai shayarwa. Aka auna tsawona da nauyina, don da su ake lissafa adadin maganin. Babu shi a kantin maganin asibitin, sai da maigidana ya fita nema, shi ya sa allurar ta kai washegari. Sa hannu a takardar amincewa ya fi allurar zafi. Na san babu yadda za a yi, amma cikin da na yi murna da shi ne, hannuna yana rawa na sa.

Bayan allurar aka ba ni dokoki a rubuce. In daina shan folik asid da duk wani maganin ƙarin jini mai ɗauke da shi, saboda yana karya ƙarfin allurar. Kada in sha maganin ciwo irin su ibufurofen, farasitamol kawai. Babu saduwa, babu aiki mai nauyi, babu tafiya nesa da asibiti, kada in daɗe cikin rana. In dawo gwajin jini a rana ta 4 da ta 7, ranar allurar ita ce ta farko. Abin da ake nema shi ne lambar ta sauka da kashi 15 cikin 100 tsakanin waɗannan ranakun biyu, daga nan a koma gwaji duk sati har ta ɓace. An gaya min zan iya jin murɗar ciki a kwanakin farko, na kuwa ji a rana ta uku. A rana ta 4 lambar ta hau zuwa 2,500, hankalina ya tashi, likitar ta ce hakan yakan faru kafin ta fara sauka, na rana ta 7 ne zai nuna.

Ban kai rana ta 7 ba. A daren rana ta 6 ciwon ya dawo da wani irin ƙarfi. A nan na yi kuskuren da nake so kowa ta kiyaye: na ce wa kaina ai an ce za a ji ciwo, bari in daure zuwa safe tunda gobe ma ranar asibiti ce. Na sha farasitamol na kwanta. Ina kwanciya sai na ji wani ciwo a can saman kafaɗata ta dama, in na ja numfashi ya ƙaru. Na ɗauka kwanciya ce ba daidai ba, tunda matsalata a hagu take kuma a mara. Daga baya ne aka fahimtar da ni cewa jinin da ke zuba a cikin ciki yakan gangara sama idan mutum ya kwanta, ya taɓa tantanin da ya raba ƙirji da ciki, jijiyar wurin kuma a kafaɗa take kai saƙon ciwo. Na tashi zuwa bayan gida, gumi mai sanyi ya rufe ni, idona ya yi duhu. Ban san lokacin da na faɗi ba. Jinin da ke jikin audugata kuwa bai taka kara ya karya ba, duk zubar a ciki take.

A sashen gaggawa abin da ya taimaka mana shi ne takardun da maigidana ya ɗauko a leda. Yana miƙawa nas ɗin ta karanta layin farko, ta ɗaga murya ta kira likita, ba a sa mu a layi ba. Aka sa min ƙarin ruwa a hannu biyu, aka ɗebi jini don haɗa wanda za a ƙara min, aka ɗora na'urar hoto a cikina aka ga jini ya taru. Ana tambayata yaushe na ci abinci na ƙarshe, ana miƙa wa maigidana takardar sa hannu, ana ce masa ya nemo masu ba da jini. Ƙannensa biyu ya kira a daren. Akwai tiyatar da ake yi ta ƙananan huda da kyamara, wadda aka fi saurin warkewa daga gare ta, amma saboda jinina ya yi ƙasa sosai sai aka yanka ta ƙasan mara kamar yadda ake yi wa mai haihuwa. Abin da na iya tunawa na ƙarshe shi ne mai allurar barci yana cewa, "Hajiya, ja numfashi a hankali."

Na farka da bushewar maƙogwaro da robar fitsari, Mama tana zaune a gefen gadon riƙe da hannuna. Da safe likitan da ya yi aikin ya zo zagaye ya ce bututun hagu ya tsage, sun cire shi, sun kwashe jini fiye da lita ɗaya, an ƙara min leda biyu. Ma'ajiyar ƙwai duka biyun suna nan, mahaifa lafiya, bututun dama ma ya duba shi bai ga matsala ba. Rukunin jinina mai alamar ƙari ne, don haka ban buƙaci allurar anti-D ba, amma wadda nata mai alamar ragi ne ta tabbatar ta tambaya, saboda kare cikin da za ta samu nan gaba. Washegari aka tashe ni in taka, ina dafe da bango. Kwana 4 na yi. Abin da ya fi wuya a kwanakin ba ɗinkin ba ne, kukan jarirai ne daga ɗakin da ke kusa da namu, musamman da dare. Masu zuwa dubiya da yawa sun ce min ai Allah ya rufa asiri, cikin ma bai kai komai ba. Na san da kyakkyawar niyya suke faɗa, kuma gaskiya ne an tsira da raina, amma ni na yi rashi, kuma wanda ya ce min "sannu da rashi" shi ya fi sanyaya min zuciya.

Ranar sallama sai da muka bi ta wurin biyan kuɗi aka haɗa na tiyata da na gado da na magunguna kafin a ba mu takardar fita. Ba ƙaramin nauyi ba ne, kuma ya zo ba shiri. Yayata ce ta tuna min in nemi a rubuta min taƙaitaccen bayanin aikin: wane bututu aka cire, me aka gani a ɗayan, da sakamakon gwajin naman da aka cire idan ya fito. Aka ce in sake gwajin ciki bayan sati 3, na yi, bai nuna komai ba. Jini ya zo min kamar na al'ada na wasu kwanaki, kuma an riga an gaya min bangon mahaifar da ya yi kauri ne yake zuba. Aka hana ni ɗaga abu mai nauyi na sati 6. Saboda allurar da aka yi min, aka ce kada in ɗauki wani cikin sai bayan wata 3, kuma in koma shan folik asid kafin nan.

Ina kwance a gida na yi ta karatu a waya. Na ga cewa Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Andalus da ya rasu a 1013, ya riga ya bayyana irin wannan cikin, amma sai a 1883 wani likita a Ingila mai suna Lawson Tait ya yi nasarar ceto mace ta hanyar cire bututun da ya fashe. Kafin nan mafi yawan waɗanda abin ya fashe musu ba sa tashi, kuma har yau yana cikin manyan abubuwan da ke kashe mata a watanni ukun farko na ciki. Ban yi nadamar zaɓar allurar ba, kuma ba zan hana wata ba idan likita ya ce ta cika sharuɗɗa. Nadamata awoyin da na yi ina daurewa a daren nan ne, da kwana biyar ɗin da na zauna da takardar da ta ce babu komai. Duk wadda gwaji ya nuna tana da ciki, hoto kuma ya nuna mahaifa wayam, kada ta bar asibiti sai ta tambaya ina cikin yake, ta nemi gwajin hCG da ranar da za a maimaita shi. Wadda ma ba ta san tana da ciki ba, idan tana shekarun haihuwa ta ji ciwon mara a gefe ɗaya tare da jinin da ba ta saba gani ba, ta fara da gwajin ciki, don wasu jinin suke ɗauka al'ada ce ta zo a makare.

Da na koma bayan sati 6 na yi wa likitar tambayar da na daɗe ina riƙewa, ko zan sake haihuwa da bututu ɗaya. Ta ce mafi yawan mata suna samu idan ɗayan lafiyayye ne, har ma yakan iya ɗauko ƙwan da ya fito daga ɗaya ɓangaren. Ta kuma ce haɗarin maimaituwa ya ƙaru, wajen 1 cikin 10, saboda haka duk ranar da na ga layi biyu kada in jira lokacin fara awo, in zo a yi min hoto tsakanin sati 6 zuwa 7 ko da ba na jin komai. Ta rubuta hakan da jan biro a saman katina. Katin yana cikin jakata tare da takardar tiyatar, kuma na ɗauki hotonsu duka biyu na tura wa maigidana da yayata.